Zaɓen Alƙalai Da Tutar Jam'iyya: Labarin Mai Shari'ar Da Ta Sha Ƙasa Sau Biyu

Daga Wakilinmu na Arewa, Suleja

Tun lokacin da aka yi ta kai-kawo da shari'ar kujerar Gwamnan Kano, wata magana ta shiga bakin jama'a a nan Arewa, kuma har yanzu ba ta fita ba. Na ji ta a tashar mota, na ji ta a kasuwa, makon jiya kuma na sāke jin ta a teburin mai shayi a unguwar Hashimi, nan cikin Suleja. Maganar ita ce wai tun da yake alƙalai ne yanzu ke faɗin wanda ya ci zaɓe, to, a bar talakawa su riƙa zaɓen alƙalan da kansu, kamar yadda ake yi a Amurka. Wani dattijo, tsohon direba wanda ya yi shekaru yana jigila tsakanin nan da Ikko, shi ya fi kowa tsayawa a kan haka. A ganinsa, alƙalin da ya san zai dawo neman ƙuri'a ba zai yarda ya ci amanar mai ƙuri'a ba. Na ce masa, "Baba, a yi mini aikin gafara, sai na bincika tukuna." To, na bincika. Na kuma ga ya kamata 'yan'uwanmu mazauna Kudu su ji abin da na samo, don kuwa in har wannan shawara ta tabbata, su za ta fara shafa.

Da farko dai, jama'a ba su da laifi in sun gaji. Ran 20 ga watan Satumba 2023 kotun ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'a 165,663 daga cikin na Abba Kabir Yusuf, wanda ya tsaya a NNPP, ta ce ɗan takarar APC ne ya ci. A watan Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayan tsige shi. Ran 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da kujerarsa. Wata huɗu ke nan mutanen Kano ba su san inda aka dosa ba. Kafin wannan, a watan Yuni 2023, Sanata Adamu Bulkachuwa ya tashi a zauren Majalisar Dattawa ya yi jawabin da jama'a suka fahimta da cewa ya riƙa sa baki a aikin matarsa don taimakon abokansa 'yan siyasa, a lokacin da take shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ita dai ta musanta. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Wanda ya ji irin waɗannan, in ya ce a canza hanyar naɗa alƙalai, ba za a ce ya yi hauka ba.

Sai dai kafin mu ari riga, ya kamata mu dubi yadda ta zauna wa mai ita.

A Amurka alƙalan Gwamnatin Tarayya naɗa su ake yi, Shugaban Ƙasa ya kawo suna Majalisar Dattawa ta amince. A jihohi ne ake zaɓe, kuma kowace jiha da tsarinta. Jihar Misisipi ta fara zaɓen dukan alƙalanta a 1832, Niyok ta bi a 1846, kuma dalilin da suka bayar shi ne dai na Baba direba, watau a raba alƙali da gwamna da 'yan majalisa. A wasu jihohin ana rubuta sunan ɗan takara ne kawai. A wasu kuwa, kamar Tekzas da Alabama da Fensilbaniya da Karolina ta Arewa, ana rubuta sunan jam'iyyarsa a gefen sunansa, kamar dai mai neman kujerar kansila. A wannan ta ƙarshe, Karolina ta Arewa, labarinmu ya faru.

Akwai wata mace a can mai suna Lucy Inman. 'Yar jarida ce da fari, kafin ta koma ta karanta aikin lauya. A 2010 aka naɗa ta alƙali a babbar kotun jihar. A 2014 ta tsaya zaɓen Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jiha, ta kuwa ci. A lura da wannan, a wancan zaɓe babu sunan jam'iyya a jikin takardar ƙuri'a. Sunanta kawai aka gani da na abokin takararta.

Ana nan sai 'yan majalisar jihar, waɗanda 'yan jam'iyyar Rifablikan suka fi yawa a cikinsu, suka shiga canza dokar. Abin da ya ƙara ingiza su shi ne zaɓen 2016, inda wani alƙali ɗan Dimokurat, Mike Morgan, ya kā da Bob Edmunds na ɓangarensu a takarar Kotun Ƙolin jiha. Wasu sun ce masu zaɓe da yawa sun ɗauka Morgan nasu ne, saboda sunansa ne a sama. Ko ma dai mene ne, wata guda bayan zaɓen, a Disamba 2016, majalisa ta yi doka cewa daga yanzu za a riƙa rubuta jam'iyyar kowane mai neman kujerar Kotun Ƙoli. A 2017 suka haɗa har da ƙananan kotuna, ko da yake Gwamna Roy Cooper ya ƙi sa hannu, suka yi amfani da rinjayensu suka tsallake shi.

A ƙarƙashin wannan sabon tsari ne Lucy Inman ta nemi hawa Kotun Ƙolin jiha a 2020, da tutar Dimokurat. Abokin karawarta shi ne Phil Berger ƙarami, wanda suke zaune tare a Kotun Ɗaukaka Ƙara, mahaifinsa kuwa shi ne jagoran Majalisar Dattawan jihar a lokacin. Ta faɗi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba. Ba ta karaya ba, a 2022 ta sāke tsayawa a wata kujerar, wannan karon da Richard Dietz, shi ma abokin aikinta ne a kotu guda. Ta sāke faɗuwa, da tazarar wajen kashi 5 cikin ɗari. Da yake wa'adinta na shekara 8 a Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ƙare a ƙarshen wannan shekara, sai ta tashi babu tsuntsu babu tarko. Shekara goma sha biyu a kan kujerar shari'a, ta sauka.

Mai karatu zai ce, ai faɗuwa zaɓe ba sabon abu ba ne, wataƙila jama'a ba su gamsu da aikinta ba. Nan ne fa gizo ke saƙa. A zaɓen 2020 akwai kujerun alƙalai 8 da dukan jihar ta jefa wa ƙuri'a, 3 na Kotun Ƙoli, 5 na Kotun Ɗaukaka Ƙara. 'Yan Rifablikan suka cinye duka takwas ɗin, har da kujerar Babban Joji, inda Paul Newby ya kā da Cheri Beasley da ƙuri'a 401 kacal, cikin ƙuri'u fiye da miliyan 5. A 2022 kujeru 6 ne, suka sāke lashe duka. A ranar da Lucy Inman ta faɗi karo na biyu, wani alƙalin Kotun Ƙoli mai ci, Sam Ervin na huɗu, jikan wani shahararren sanata, shi ma ya faɗi, kuma da tazara kusan iri ɗaya da tata. Mutum biyu daban, tarihi daban, abokan takara daban, amma lissafi ya fito kamar an auna da mudu ɗaya. Takara 14, a ce duk mutanen ɓangare guda ne suka fi cancanta? Ni dai ban yarda ba. Abin da ya faru shi ne mai zaɓe ya shiga rumfa bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, ya dubi tuta ya dangwala.

Kada kuma a ce ina goyon bayan wani ɓangare. A 2018, lokacin da iska ke kaɗawa wajen 'yan Dimokurat, su ma cinye kujerun suka yi. A wannan shekara ma an yi wani abin dariya: wani lauya ɗan Dimokurat ya sauya sheƙa ana dab da rufe karɓar suna, ya tsaya da sunan Rifablikan, ƙuri'arsu ta rabu biyu, Anita Earls ta Dimokurat ta wuce. Wannan dabara ko a siyasar gida sai a sara wa mai ita.

Yanzu ga inda abin ya shafi shari'a kanta. Kotun Ƙolin jihar tana da alƙalai 7. Kafin zaɓen 2022, huɗu 'yan Dimokurat ne, uku 'yan Rifablikan. A watan Fabrairu 2022 wannan kotu ta yanke hukunci, huɗu da uku, cewa yadda majalisa ta yanka mazaɓu don jam'iyyarta ta riƙa cin zaɓe ya saɓa wa tsarin mulkin jihar. Bayan faɗuwar Inman da Ervin sai lissafi ya koma biyar da biyu. Sabuwar kotu ta sāke buɗe shari'ar da aka riga aka gama, ran 28 ga watan Afril 2023 ta rushe hukuncin farko, biyar da biyu, ta ce kotu ba ta da hurumin shiga wannan magana. Tsarin mulki bai canza ba, ko wasali ɗaya. Masu ƙara su ne dai, waɗanda ake ƙara su ne dai, kuma cikin waɗanda ake ƙara har da mahaifin ɗaya daga cikin alƙalan, wanda bai janye daga shari'ar ba. Sakamakon haka, jihar da ta tura wakilai bakwai-bakwai daga jam'iyyun biyu zuwa Majalisar Wakilai ta Tarayya a 2022, sai ga shi a 2024 ta tura goma da huɗu.

To, jama'a, wannan fa shi ne abin da muke kuka da shi a gida, watau a san hukunci tun kafin a zauna, da zarar an san waɗanda za su zauna.

Ko batun soke ƙuri'a a kotu ma, zaɓen alƙalai bai raba su da shi ba. A Nuwamba 2024 Jefferson Griffin na Rifablikan, shi ma alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya nemi kujerar Kotun Ƙoli ya faɗi a hannun Allison Riggs da ƙuri'a 734. Aka sāke ƙirgawa har sau biyu, bai canza ba. Sai ya garzaya kotu yana neman a zubar da ƙuri'u fiye da 60,000. Wace kotu? Kotun da yake zaune a cikinta, da kuma wadda yake neman shiga. Wata shida ana wannan ja-in-ja, sai da wani alƙalin Tarayya, wanda naɗa shi aka yi, ya ce ba a canza dokar wasa bayan an tashi, sannan Griffin ya haƙura a watan Mayu 2025. Mutumin Kano da ya karanta wannan zai ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Sai maganar kuɗi. Mai neman ƙuri'ar mutum miliyan biyar dole ya sayi fili a rediyo da talabijin, ya buga hotuna, ya yi yawo. Wa zai biya? Lauyoyin da za su tsaya gabansa gobe, da kamfanonin da ke da shari'a. A jihar Bajiniya ta Yamma, a 2004, shugaban wani kamfanin haƙar kwal mai suna Massey ya kashe dala miliyan 3 don wani lauya, Brent Benjamin, ya hau Kotun Ƙolin jiha, alhali kuwa kamfanin na shirin ɗaukaka ƙara a kan hukuncin biyan diyyar dala miliyan 50. Benjamin ya ci, ya ƙi janyewa daga shari'ar, ƙuri'arsa ce ta raba gardama aka soke diyyar. Sai a 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce hakan bai dace ba, ita ma da ƙyar, biyar da huɗu. In a can haka ta faru, a yi tunanin nan, inda kuɗin fam ɗin tsayawa takara kaɗai ya isa ya sayi gida a Suleja.

Amma duk wannan shimfiɗa ce. Abin da ya sa na ce maganar ta fi shafar mazauna Kudu shi ne wannan. Wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, Eric Helland da Alexander Tabarrok, sun bi diddigin shari'o'in neman diyya masu yawa, suka gano cewa a jihohin da ake zaɓen alƙalai da tutar jam'iyya, diyyar da ake ɗora wa kamfanin da ya fito daga wata jiha ta fi nauyi ƙwarai. Dalili a fili yake, ɗan gari yana da ƙuri'a, baƙo ba shi da ita. To, a sa Bahaushen Sabo a Badun, ko na Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Ikko, ko na Shagamu, ko mai sayar da shanu a Inugu da Anacha, a wannan ma'auni. Ka yi shekara talatin a wuri, ka haifi 'ya'ya, amma ranar da rikicin rumfar kasuwa ko na fili ya haɗa ka da ɗan ƙasa, kai baƙo ne. Da yawa daga cikinku ma katin zaɓenku na gida ne, lokacin zaɓe mota kuke shiga ku taho Arewa. A ce alƙalin da zai saurari ƙararka saura wata uku ya koma neman ƙuri'a a wannan gari, kuma ƙungiyar 'yan kasuwar da kuke jayayya da ita ce ta buga masa hotuna. Waɗanda suka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu 2021 sun san yadda gari ke ɗaukar zafi a kan baƙo cikin dare ɗaya. A irin wannan rana, abin da baƙo ke buƙata shi ne alƙalin da ba ya tsoron taron jama'a. Haka kuma abin yake in an juya shi, Bayarabe ko Ibo mai shago a nan Suleja ko a Sabon Garin Kano shi ma baƙon ne.

Mu a Arewa ma ai bai kamata a ba mu labarin alƙali mai jam'iyya ba. Iyayenmu sun gani a zamanin En'e. Kotunan alƙalai a lokacin suna ƙarƙashin En'e ne, En'e kuwa a mafi yawan wurare ita da jam'iyyar NPC Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Tun daga kafa NEPU a Kano a watan Agusta 1950, 'ya'yanta sun sha ɗauri da bulala a kan laifin yin taro ba izini ko zagin manya, kuma lauya ba ya shiga waɗannan kotuna. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, sau nawa aka ɗaure ta? Sai da soja suka zo aka yi dokar kotunan yanki a 1967, aka cire kotuna daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. Ba wai alƙalan wancan zamani duk azzalumai ne ba, akwai malamai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma wanda ke riƙe da abincinka shi ke riƙe da bakinka.

Sannan a tambaya, wa zai shirya zaɓen? In alƙalan jiha ne, to, hukumar zaɓe ta jiha ke nan. Mun kuwa san aikinta. A Janairu 2021 APC ta cinye ƙananan hukumomi 44 na Kano, a Oktoba 2024 NNPP ta cinye 44 ɗin nan dai. A Oyo PDP ta kwashe 33 a 2024, a Ikko APC ta kwashe duka a 2025. A ba wannan hukuma zaɓen alƙalai, an miƙa wa gwamna kotu ke nan a faranti, har da murfi. Ƙasar Meziko ta gwada zaɓen alƙalanta a watan Yuni 2025, har da na Kotun Ƙoli. Wajen kashi 13 cikin ɗari na masu rajista ne suka fito, kuma waɗanda jam'iyya mai mulki ke so su ne suka cike Kotun Ƙolin.

Duk da haka akwai gaskiya guda a maganar Baba direba, kuma ba zan ɓoye ta ba. A Karolina ta Arewa komai a fili ake yi, kowa ya san launin rigar kowane alƙali da wanda ya ba shi gudummawa. Namu a ɗaki ake yi. Bisa tsarin mulkin 1999, hukumar ma'aikatan shari'a ta jiha ce ke tsara sunaye, ta aika wa Majalisar Shari'a ta Ƙasa, watau NJC, ita kuma ta ba gwamna shawara ya naɗa. In Babban Joji ne ko Girandi Kadi, sai Majalisar Dokokin jiha ta amince. Ita NJC ɗin Babban Jojin Ƙasa ne shugabanta, kuma mafi yawan 'yan majalisar shi ke zaɓo su. Ofishinta yana nan Abuja, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga inda nake wannan rubutu in babu cunkoso a hanya, amma mutumin Hashimi bai taɓa sanin yadda suna ke shiga wannan takarda ba, sai dai ya ji an rantsar. A 2020 lauyoyi sun yi ca a kan sunaye 33 da aka tsara don Babbar Kotun Abuja, suna cewa 'ya'ya da dangin manyan alƙalai sun yi yawa a ciki. A 2023 kuma ɗan Babban Jojin Ƙasa na lokacin ya zama alƙalin Babbar Kotun Tarayya. Mai yiwuwa ne ya cancanta, ban ce a'a ba. Amma da yake ba a gaban kowa aka auna ba, wa zai kashe bakin masu magana?

Saboda haka ni a ganina gyaran yana wajen buɗe ƙofar ɗakin nan. Ƙasar Kenya tun 2011 take yi wa masu neman kujerar Babban Joji tambayoyi a bainar jama'a, ana nunawa a talabijin, ana tambayar mutum hukunce-hukuncen da ya yanke da dukiyar da ya tara. Ba a raba su da rigima ba, amma kowa na ganin abin da ake yi. A nan gida ma an ɗan motsa, a 2025 NJC a ƙarƙashin Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta yanke shawarar riƙa buga sunayen waɗanda ake duba yiwuwar naɗa su, domin duk wanda ya san wani abu a kansu ya rubuto. Ya kamata Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na shanu da na goro da na gwari, su sa sakatarorinsu su riƙa bibiyar waɗannan sunaye, musamman na jihar da suke zaune. Majistaren da ya saba wulaƙanta baƙo a ƙaramar kotu, ku kuka fi kowa saninsa, kuma lokacin da sunansa ya fito neman ƙarin girma shi ne lokacin magana, da hujja a rubuce.

Jiya da safe na koma teburin mai shayi na karanta wa Baba direba wannan bayani kafin in aika da shi. Ya saurara har ƙarshe, ya jinjina labarin matar nan da ta faɗi sau biyu, ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri gare ta. Amma bai sauka daga ra'ayinsa duka ba. Ya tambaye ni, su waɗannan sunaye da ake bugawa, da wane harshe ake buga su, kuma a wace jarida? Na ce da Turanci ne. Ya kurɓi shayinsa, ya ce to a fara gyara wannan tukuna.